Baƙi biyu sun yi dambe a tsakar gidan Kisangani, mai gida ne ya kwana a kabari

Ranar Litinin 5 ga watan Yunin 2000, da hantsi, yara suna cikin aji a birnin Kisangani na ƙasar Kwango, mata suna kasuwa, sai luguden wuta ya fara sauka. Ba 'yan tawaye ne suka auka wa sojan gwamnati ba. Rabon garin da ganin sojan gwamnatin Kinshasa tun watan Agustan 1998. Waɗanda ke harbin sojojin Yuganda ne da na Ruwanda, rundunonin ƙasashe biyu masu tuta da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda suka shigo Kwango hannu da hannu a matsayin abokai. Sun kafa manyan bindigoginsu a cikin unguwanni, a harabar makarantu da bayan gidajen mutane, suna auna juna ta saman rufin talakawa. Sai ranar Asabar 10 ga wata wutar ta lafa. Mutanen garin har yau suna kiran abin da yaƙin kwana shida.

Mu a nan, a waccan shekarar, hankalinmu yana wani wajen. Kaduna ta ƙone a watan Fabrairu, ta sake ƙonewa a Mayu. A labaran duniya kuma Habasha da Eritiriya ne ke gwabzawa, ga ɗaruruwan sojan kiyaye zaman lafiya da aka yi garkuwa da su a Saliyo. Kisangani ta wuce a rediyo kamar kowane labarin Kwango: an yi faɗa, an mutu, sai labari na gaba. Ni ma haka na ji shi, haka kuma na manta shi. Sai bayan shekaru da na zauna na bi yadda abin ya faru daki-daki na gane cewa sunan da muka ba shi, wato "rikicin Kwango", shi kansa rufa-rufa ne. Abin da aka yi a Kisangani yaƙi ne tsakanin Kampala da Kigali, wato gwamnatin Yuganda da ta Ruwanda. An dai ari filin maƙwabci ne don kada harsashi ya faɗa a kan 'ya'yansu. Ra'ayina kuma shi ne, duk ƙasar da ta tsallaka iyaka da sunan tsaro a lokacin da maƙwabciyarta ke yaƙin basasa, kada a saurari jawabinta. A duba inda sojanta suka tsaya, a duba abin da jiragenta ke ɗauka idan za su koma gida, a kuma sa ta biya. Wadda ba ta biya ba za ta dawo.

Akwai karin maganar da ake saurin jawowa a irin wannan wuri, wai idan giwaye na faɗa ciyawa ce ke shan wahala. Na daina son ta. Tana sa abin ya zama kamar ambaliya ko fari, ƙaddarar da ba a tuhumar kowa a kanta. Giwa ba ta zama taron hafsoshi, ba ta buɗe taswira ta zaɓi inda za ta girke bindiga, ba ta sa hannu a yarjejeniyar tsagaita wuta da safe ta karya ta da la'asar. Waɗanda suka yi wa Kisangani ruwan wuta mutane ne masu suna da muƙami, kuma sun san akwai jama'a a ƙarƙashin kwanon da suke harbi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne irin kusancin da ke tsakanin masu faɗan. Lokacin da Yoweri Museveni, wanda daga baya ya zama shugaban Yuganda, ya shiga daji a watan Fabrairun 1981 da 'yan tsirarun mutane da bindigogi 27, cikin waɗanda suka bi shi akwai samari biyu 'yan gudun hijirar Ruwanda da suka tashi a Yuganda, Fred Rwigyema da Paul Kagame, wanda shi ma daga baya ya zama shugaban Ruwanda. Tare suka sha wuyar daji shekara biyar, tare suka shiga Kampala a watan Janairun 1986. Rwigyema ya kai har mataimakin ministan tsaron Yuganda, Kagame kuma ya riƙe sashen leƙen asirin sojan ƙasar. Har makarantar sakandare ɗaya Museveni da Kagame suka yi, ta Ntare da ke Mbarara, duk da akwai tazarar shekaru tsakaninsu. Ranar 1 ga Oktoban 1990 'yan Ruwandan da ke cikin sojan Yuganda suka kwashi kayan yaƙi suka tsallaka gida. Aka kashe Rwigyema a rana ta biyu, Kagame ya katse kwas ɗin da yake yi a Amurka ya dawo ya karɓi ragama. Wato hafsoshin da suka yi wa juna luguden wuta a Kisangani sun ci abinci a kwano ɗaya, sun san matan juna, wasu ma sun yi wa juna abokin ango.

Ba zan yi musu rashin adalci ba. Da farko suna da hujja, kuma hujja ce mai nauyi. A 1994 an kashe mutane kimanin 800,000 a Ruwanda cikin kwana ɗari, yawancinsu 'yan ƙabilar Tutsi. Da gwamnatin da ta shirya kisan ta faɗi, sai sojanta da 'yan ta-kifen Interahamwe suka saje cikin 'yan gudun hijira fiye da miliyan ɗaya suka tsallaka Zayar, kamar yadda ake kiran Kwango a lokacin. Suka kafa sansani a bakin iyaka, kusa da Goma, suna cin abincin agaji suna wasa makamansu. Mobutu, shugaban Zayar, bai hana su ba, duniya ma ba ta hana su ba. Yuganda kuma tana da nata ciwon: 'yan tawayen ADF da ke ɓoye a duwatsun Ruwenzori. A watan Yunin 1998 sun shiga makarantar koyon sana'a ta Kichwamba da dare, suka cinna wa ɗakunan kwana wuta, ɗalibai kimanin 80 suka ƙone. Shugaban da aka yi wa haka a ƙasarsa, idan ya ce zai bi maharan har inda suka fito, ba ni da bakin cewa ya yi zalunci. An ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

To amma naka gemun aka ce ka shafa wa ruwa. Ba a ce ka shiga ɗakin mutum ka buɗe adakarsa ba.

A ɗauki taswira. Daga Kisangani zuwa iyakar Ruwanda, ko zuwa ta Yuganda, kimanin kilomita 500 ne a miƙe, kwatankwacin Kano zuwa Maiduguri, kuma duk ƙungurmin daji ne wanda a lokacin mota ba ta iya ratsa shi sai da kwana da kwanaki. Wane ɗan tawaye ne zai tashi daga can ya kai hari Kigali? Abin da Kisangani ke da shi daban ne. A nan ne jiragen ruwan da suka taso daga Kinshasa ke tsayawa bayan tafiyar kilomita kusan 1,700 a kan kogin Kwango, domin daga nan sai gangaren ruwan Boyoma, inda masuntan Wagenia ke kafa komarsu a kan katako. Garin yana da filin jirgin sama biyu, Bangboka da Simi-Simi. Sannan shi ne kasuwar lu'ulu'un da ake haƙowa a dazuzzukan kewaye, kantunan masu saye jere a kan titi. Wanda ya riƙe filin jirgi ya riƙe kantunan, shi ke cewa wa zai saya, nawa za a biya, kuma ina jirgin zai sauka. (Garin dama ya saba da baƙi masu bindiga. Tun da Bature mai yawon bincike Henry Stanley ya kafa tasha a wurin a 1883 aka fara, har da sojan haya Hausawa da mutanen Sarki Leopold na Beljiyam suka ɗebo daga gabar Afirka ta Yamma suka girke a can. Mu ma ke nan da ɗan sawunmu a wannan tsohuwar ɓarna.)

Yadda abota ta rikiɗe ta zama gaba ba abu ne mai wuyar fahimta ba. A 1996 ƙasashen biyu sun ɗauko Laurent Kabila suka ɗora shi a gaban tawaye, cikin wata bakwai suka kori Mobutu da ya shekara 32 yana mulki. Kabila ya shiga Kinshasa a watan Mayun 1997, kuma babban hafsan sojansa ɗan Ruwanda ne, James Kabarebe. Da Kabila ya ga mutanensa sun fara kallonsa a matsayin yaron baƙi, sai a ƙarshen Yulin 1998 ya ce sojan waje su tattara su tafi. Ba a yi mako guda ba, ranar 2 ga Agusta, sabon tawaye ya ɓarke a gabas mai suna RCD, da hannun waɗanda aka sallama a bayansa. Sun so su gama da Kabila cikin makonni. Angola da Zimbabuwe da Namibiya suka shigo suka tare musu hanya, har Chadi ta aika soja na ɗan lokaci. Yaƙi ya tsaya cik, ƙasa ta rabu. Daga nan ne matsala ta fara, domin tafiya idan ta yi tsawo, rabon guzuri ke raba abokai.

Kigali tana son ƙungiyar tawaye ɗaya da take juyawa daga Goma. Kampala tana son nata mutanen. Ta riga ta ɗauki Jean-Pierre Bemba, ɗan wani hamshaƙin attajirin zamanin Mobutu, ta kafa masa ƙungiyar MLC a arewa. A watan Mayun 1999 RCD ta tsige shugabanta, Ernest Wamba dia Wamba, wani farfesan tarihi da aka ɗauko daga jami'ar Darussalam, aka naɗa Emile Ilunga. Wamba ya ƙi yarda, ya tare a Kisangani ƙarƙashin inuwar sojan Yuganda da Birgediya James Kazini ke jagoranta. Da aka zo sa hannu a yarjejeniyar sulhu ta Lusaka a watan Yuli, sai gardama ta tashi kan wane ne RCD ta gaskiya. A tsakiyar watan Agustan 1999 gardamar ta koma harbi, aka kwana uku ana yi a tsakiyar gari. Abin ya zo daidai da ranakun allurar rigakafin shan-inna da aka roƙi kowane ɓangare ya ajiye makami dominsu. Uwa ta goyo ɗanta ta kai shi a ɗiga masa magani a baki, ta kasa komawa gida.

Akwai kuma abin da ba a rubutawa a rahoton majalisa amma duk wanda ya san halin maza ya san yana nan: girman kai. Hafsoshin Yuganda suna kallon na Ruwanda a matsayin yaran da suka raina, waɗanda suka koya wa riƙon bindiga. Na Ruwanda kuma suna ganin sun yi yaƙin da iyayen gidansu ba su taɓa yin irinsa ba, ba sauran wanda zai aike su. A karon farko Ruwanda ce ta yi rinjaye, abin ya yi wa Kampala ciwo, ɗan hakin da ka raina ya tsone maka ido. Aka sake gwabzawa ta yini guda ranar 5 ga Mayun 2000. Aka zauna aka amince kowa zai janye daga garin a gaban jami'an sa-ido na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ana cikin janyewar ne yaƙin kwana shida ya ɓarke.

Tawagar da majalisar ta aika bayan ƙura ta lafa ta ƙidaya fararen hula fiye da 760 da suka mutu, kimanin 1,700 suka ji rauni. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam sun ce mamatan sun haura dubu. Gidaje fiye da 4,000 sun rushe ko sun lalace, makarantu 69 sun sha harsashi, mutane kusan 65,000 sun gudu daji. An taɓa babban asibiti, an taɓa babban cocin Katolika inda jama'a suka fake, an taɓa tashar lantarki da ke kan kogin Tshopo, wuta ta ɗauke, ruwan famfo ya tsaya. Mutane sun kwana shida a kwance a ƙasan gado da gawar ɗan'uwansu a gefe, ba halin fita a binne. A ƙarshe sojan Ruwanda suka kora na Yuganda zuwa ƙetaren gadar Tshopo. An ce wai sun yi nasara. Akwai maƙabarta guda a garin da aka ware wa mutanen waɗannan kwanaki.

Kwamitin Sulhu ya zauna ranar 16 ga Yuni ya fitar da ƙuduri mai lamba 1304. Ya umarci ƙasashen biyu su fice daga Kisangani, ya kuma ce a ganinsa ya kamata su biya diyyar rayuka da dukiyar da suka salwantar. A riƙe wannan kalma ta "su". Ƙasashe biyu aka ambata.

A watan Afrilun 2001 wani kwamitin ƙwararru na majalisar ya fitar da rahoto kan yadda ake kwasar arzikin Kwango. Ya nuna cewa Yuganda da Ruwanda, waɗanda ba a san su da ramin lu'ulu'u ko ɗaya ba, sun wayi gari suna sayar da shi a kasuwar duniya. Ya ambaci Salim Saleh, ƙanin Museveni, da Janar Kazini. A ɓangaren Ruwanda kuma ya bayyana yadda aka tsara kwasar koltan, ma'adinin da ake sa wa cikin wayar hannu da kwamfuta, wanda farashinsa ya yi tashin gwauron zabi a shekarar 2000. Ƙasashen biyu sun ƙaryata. Museveni ya kafa nasa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a David Porter, wanda ya wanke shugaban amma ya tabbatar da laifin wasu manyan hafsoshi, har da Kazini. Ban ce don lu'ulu'u aka fara yaƙin ba. Tsoro ne ya fara shi. Amma soja idan ya shiga ƙasar da ba hukuma, ya ga yaƙi yana ciyar da kansa har yana barin riba, to dalilin shigowa daban, dalilin zama daban. Zuwa shekarar 2000, abin da ya rage na maganar tsaro a Kisangani bai wuce abin da ake faɗa wa 'yan jarida ba.

Me ya sa ba wanda ya tsawatar da gaske? Saboda mutanen biyu su ne 'yan lelen masu ba da agaji. A watan Maris na 1998 Bill Clinton ya zo Entebbe, ana ta yabon sabon jinin shugabannin Afirka, Museveni da Kagame suna sahun gaba. Yuganda ce ƙasa ta farko da aka yafe wa bashi a ƙarƙashin shirin sassauci ga ƙasashe matalauta, kuma an ƙara mata wani a shekarar da aka ragargaza Kisangani. Ruwanda kuwa, ƙasashen Yamma suna jin kunyar yadda suka naɗe hannu a 1994, ba mai iya ɗaga mata murya. Da gaba ta yi tsanani a 2001 har ana fargabar za su yi yaƙi a kan iyakarsu ta ainihi, sai ga ministar Ingila mai kula da agaji, Clare Short, ta kira su Landan ta sasanta su. Wannan ya nuna mini cewa da an so, ana da igiyar da za a ja. An ja ta ne kawai lokacin da wutar ta nufi Kampala da Kigali.

Sai maganar kotu, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai. Kwango ta kai ƙara Kotun Duniya da ke birnin Hague tun 1999. Ranar 19 ga Disamban 2005 kotun ta yanke hukunci a kan Yuganda. Ta yi watsi da hujjar kare kai, ta ce shigar da aka yi ta saɓa wa doka, ta ce sojan Yuganda sun kashe fararen hula sun lalata dukiya, har da abin da ya faru a Kisangani, kuma hafsoshinsu manya da ƙanana sun wawushe arzikin ƙasar. Kwango da Yuganda suka kasa daidaitawa kan kuɗi, aka yi ta jan ƙafa. Kwango ta nemi fiye da dala biliyan 11. Sai ranar 9 ga Fabrairun 2022 kotu ta yanke dala miliyan 325: miliyan 225 na rayuka da raunuka, miliyan 40 na dukiya, miliyan 60 na ma'adinai da sauran albarkatu. Za a biya kashi biyar, miliyan 65 kowace shekara. A watan Satumban 2022 Yuganda ta biya kashin farko. Shekara 22 ke nan bayan harbin. Yaron da aka yanke wa ƙafa yana aji uku ya zama magidanci.

Ruwanda fa? A watan Fabrairun 2006 kotun ta ce ba ta da hurumin sauraron ƙarar da aka kai a kanta, domin Ruwanda ba ta taɓa amincewa da ikon kotun na tilas ba. Shi ke nan. Mutum biyu sun rushe gida ɗaya a rana ɗaya, wanda ya taɓa sa hannu cewa yana mutunta alƙali aka kama shi, wanda ya ƙi sa hannu ya kaɗa rigarsa ya wuce. Mu 'yan Najeriya mun san ɗacin wannan. Mun amince da kotun, ta ba Kamaru Bakassi a 2002, muka miƙa a 2008, kuma har yau akwai masu ganin wauta muka yi. Ni ban ga wauta ba. Amma tsarin da ke hukunta mai biyayya ya ƙyale mai taurin kai yana koya wa kowace ƙasa darasi mara kyau, kuma shugabanni suna da saurin ɗaukar irin wannan karatu. A 2010 ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na majalisar ya fitar da wani babban rahoto da ya tattara munanan aika-aika 617 da aka yi a Kwango daga 1993 zuwa 2003, ya ba da shawarar kafa kotu ta musamman. Tun kafin ya fito Kigali ta yi barazanar janye sojanta na kiyaye zaman lafiya daga Darfur. Kotun ba a kafa ta ba. Dakta Denis Mukwege, likitan Bukavu da ya samu kyautar Nobel a 2018, ya yi ta kiran a kafa ta har muryarsa ta dushe.

Kada kuma a ɗauka mai gidan ba shi da laifi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma Mobutu ya shekara talatin yana tsaga bangon da hannunsa. Kowane sojan waje da ya shiga Kwango ya tarar da ɗan ƙasa yana jiransa da tuta, yana neman a ɗora shi a kujera. A watan Mayun 2002, bayan baƙin sun ja baya, 'yan RCD ta Goma ne da kansu suka kashe mutane fiye da 160 a Kisangani da sunan murƙushe bore, aka riƙa jefa gawarwaki a kogin Tshopo. Da aka yi sulhu aka raba muƙamai, da yawa daga cikin jagororin tawayen suka zama janar-janar da ministoci. Bemba ya zama mataimakin shugaban ƙasa a 2003, ya sake shiga gwamnati a 2023. Guragun yaƙin kwana shida kuwa, sai da wasunsu suka hau kwale-kwalen dakon kaya da sandunansu, suka bi kogi makonni har Kinshasa don su tsaya a ƙofar majalisa su tuna wa gwamnatinsu cewa suna raye. Da kuɗin Yuganda ya fara shigowa aka ɗora wa wani asusu na musamman da ke Kisangani alhakin rabawa. A watan Satumban 2025 babbar kotun Kwango ta samu tsohon ministan shari'a, Constant Mutamba, da laifin karkatar da dala miliyan 19 daga kuɗin, wai za a gina gidan yari da su, ta yanke masa shekara uku. Shi dai ya ce bi-ta-da-ƙullin siyasa ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani zai ce mini, to ashe kana nufin kada maƙwabci ya taɓa shiga? Najeriya ba ta shiga Laberiya a 1990 ba, ba ta shiga Saliyo ba? Ta shiga, kuma sojanmu ba mala'iku ba ne, an zarge su da nasu abin kunyar. Amma sun tafi ƙarƙashin tutar ƙungiyar ƙasashen yankin, akwai teburin da ake zama a tambaye su, kuma Najeriya kuɗi ta zuba ta dawo da gawarwakin 'ya'yanta, ba ta dawo da sabuwar sana'ar fitar da lu'ulu'u ba. Misalin da ya fi kama da Kisangani a kusa da mu shi ne na Chadi da Sudan a zamanin yaƙin Darfur, kowa ya riƙe 'yan tawayen ɗan'uwansa. A watan Fabrairun 2008 waɗanda Khartum ke goya wa baya suka kai har ƙofar fadar Idris Debi a Njamena. A watan Mayu waɗanda ake alaƙantawa da Njamena suka kai har Omdurman. Shugabannin biyu suka rungumi juna a 2010. Mutanen Darfur da suka tsallaka gabashin Chadi tun 2003, da yawansu har yanzu suna cikin sansani, kuma wasu sababbi sun tarar da su a can ta hanyar Adre tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a 2023.

Su ma Kampala da Kigali ba su daina ba, salo kawai suka sauya. A watan Fabrairun 2019 Ruwanda ta rufe iyakar Gatuna, ta zargi Yuganda da ɓoye maƙiyanta da kama 'yan ƙasarta, iyakar ta zauna a rufe kusan shekara uku. A ƙarshen Nuwamban 2021 sojan Yuganda suka sake shiga gabashin Kwango, wannan karon da gayyatar Kinshasa, don farautar ADF, ga kuma kwangilar gina hanyoyin da za su karkatar da ciniki zuwa Kampala. A cikin wannan watan ne ƙungiyar 'yan tawayen M23, wadda aka murƙushe tun 2013, ta farfaɗo. Mai son ya kira wannan katari yana iya kira. Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce akwai sojan Ruwanda 3,000 zuwa 4,000 da ke yaƙi tare da ita, Kigali kuma ta ce matakan kare kai kawai take ɗauka saboda ragowar masu kisan 1994 da ke cikin daji. Hujjar 1996 ce, ba a ko sauya mata riga ba. A watan Janairun 2025 M23 ta kama Goma, a Fabrairu ta kama Bukavu. A wannan watan Amurka ta sa wa James Kabarebe takunkumi, mutumin nan da ya taɓa zama babban hafsan sojan Kabila, wanda a lokacin takunkumin ƙaramin minista ne a gwamnatin Ruwanda.

Kazini ya mutu tun 2009 a Kampala, ba tare da ya gurfana a gaban wata kotun laifukan yaƙi ba. Museveni da Kagame suna kan kujerunsu. Bisa jadawalin da kotu ta tsara, kashi na biyar kuma na ƙarshe na kuɗin Yuganda na watan Satumban 2026 ne, daga nan an rufe littafinta. Rabin diyyar da ƙuduri na 1304 ya ɗora wa ɗaya ƙasar, har yau ba a ko buɗe masa shafi ba.